Yadda ake magana ta tauraron ɗan'adam da ƙaramar oba-oba

Tambayar ta fito ne daga wani matashi mai sana'ar haɗa dish a Kano. Ya ce: "Yaya, na ga bidiyon wani Bature tsaye a fili, eriya a hannu ɗaya, oba-oba a ɗaya hannun, wai yana magana da wata ƙasa ta tauraron ɗan'adam. Gaskiya ne ko haɗi ne? In gaskiya ne, ni ma ina da oba-oba mai zango biyu. Me zan ƙara, kuma ta ina zan fara?"

Gaskiya ne, ƙanena, ba haɗi ba ne, kuma oba-obar nan taka mai wat 5 ta isa ta kai muryarka can. Abin da ke sa mutane kokwanto shi ne sun saba ganinta a hannun masu gadi, da an yi 'yan kilomitoci a cikin gari sai magana ta yanke. Ba ƙarfinta ne ya ƙare ba, gine-gine ne da lanƙwasar ƙasa suka tare ta. In ka nufi sama da ita, babu katanga, babu bene, babu Dala babu Goron Dutse. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wato ISS, tana yawo ne a tsayin kilomita 400 da 'yan kai, kwatankwacin Kano zuwa Abuja a mota. Wannan ba wani nisa ba ne ga rediyo idan hanya a buɗe take.

Wahalar a kunne take, ba a baki ba. Kusan duk sabon shiga yana iya isa tauraron tun ranar farko, jin abin da tauraron ke dawo da shi ne ke gagara. Ɗauki SO-50, wanda aka fi koyo a kansa. Cibiyar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdul'aziz da ke Riyad ce ta ƙera shi, aka harba shi daga Baikonur ta ƙasar Kazakistan a Disambar 2002, ɗan ƙaramin akwati ne, kuma ƙarfin da yake magana da shi rubu'in wat ne kacal, daga tsayin kilomita 600 da wani abu. Kai kana yi masa ihu da wat 5, shi yana amsa maka da raɗa. Saboda haka duk abin da zan faɗa maka nan gaba, ka auna shi da tambaya ɗaya: wannan zai ƙara mini ji ne?

Kafin nan, maganar lasisi, don kada in sa ka a uku. Saurare ba ya buƙatar lambar kira. Amma da ka danna maɓallin magana, dole sai da lasisin rediyon sha'awa, wato na masu yin rediyo don sha'awa ba don kasuwanci ba, daga hukumar da ke kula da sadarwa a ƙasarka, da lambar kiran da za ta ba ka. Ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. A Najeriya akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa, NARS, wadda ke cikin haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta duniya, ka neme su su nuna maka hanyar da ake bi. Ba ma batun doka kaɗai ba ne: in ka hau ba lamba, ba wanda zai amsa maka. Kuma ka san halin da muke ciki. Mutum tsaye a fili da yamma, oba-oba a hannu, yana nuna sama da wani abu mai kama da ƙayar kifi, ba kowa ne zai yi masa fassara mai kyau ba. Ni takardata tana aljihu duk lokacin da zan fita, kuma na fara zuwa na gaida mai unguwa na yi masa bayani kafin in fara tsayawa a filin ƙwallon unguwarmu.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuya. Tauraron yana saurare a wata mita, abin da ya ji sai ya maimaita shi nan take a wata mitar ta wani zango. Masu abin suna cewa "hawa" da "sauka". Zangunan da aka fi amfani da su biyu ne, na VHF wajen megahaz 145 da na UHF wajen megahaz 435, wato su ne biyun da ke cikin oba-obarka. A SO-50 ana hawa a 145.850, a saurara a 436.795. A ISS kuma, na'urar maimaitawar da aka kunna a Satumbar 2020 tana karɓa a 145.990, tana sauko da magana a 437.800. Dukansu suna da mabuɗi: wani siririn sauti mai haz 67 da rediyonka ke ɓoyewa ƙarƙashin muryarka, za ka gan shi a menu da sunan CTCSS. In babu shi, ko ka fasa maƙogwaro tauraron ba zai buɗe ba. SO-50 yana da ƙari guda: barci yake yi, sai wani ya tashe shi da sautin haz 74.4 na kamar sakan biyu, sannan ya zauna a farke na minti goma. A Turai kullum akwai wanda ya riga ka tashe shi. A nan sau da yawa kai ne na farko, don haka ka ware masa tasha guda a ma'ajiyar rediyonka.

Waɗannan taurarin ba a tsaye suke kamar waɗanda kake saita wa dish ba. Gudu suke yi, ISS tana cin kilomita 7.6 a sakan ɗaya, tana zagaye duniya cikin minti 93 ko kusa da haka. Tana ɓullowa daga wani gefen sama, ta hau, ta gangara ta faɗi a wani gefen, duka cikin kamar minti goma. SO-50 da yake ya fi tsayi, yakan ɗan fi haka daɗewa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sanin lokacin giftawa aikin manhaja ne: Look4Sat ko ISS Detector a waya, Gpredict ko SatPC32 a kwamfuta. Ka sa mata wurin da kake, ta faɗa maka lokacin ɓullowa, ta wace kusurwa, iyakar digirin da zai hau, da inda zai faɗi. Abu biyu ke ɓata wannan lissafi. Na farko, manhajar tana dogara ne da wasu lambobin falaki da ake kira TLE, kuma suna tsufa, musamman na ISS da ake yawan tura ta sama don kada ta sauko. Ka riƙa sabunta su duk 'yan kwanaki. Na biyu agogo ne. Fitata ta farko na tsaya minti ashirin a rana, hannu a sama, ban ji komai ba sai shuuu. Da na dawo na duba, ashe manhajar a kan agogon UTC take, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da shi da awa ɗaya. Na fita ne awa guda kafin tauraron ya iso. Wani yaro da ke kallona daga kan katanga ya tambaye ni ko tsuntsu nake jira.

Gudun nan yana haifar da abin da ake kira Dofla. Ka tsaya bakin titin Zariya, tirela ta taho direba ya danne hon, za ka ji sautin siriri sa'ad da take tunkaro ka, da ta wuce sai ya yi kauri. Haka mitar tauraro take. Yana tahowa za ka same shi sama da ainihin mitarsa, yana wucewa sai ya koma ƙasa da ita. A zangon VHF bambancin bai wuce kilohaz 3 da rabi kowane gefe ba, rediyon FM na haɗiye wannan ba tare da ka taɓa komai ba. A UHF kuwa ya kai kilohaz 10 kowane gefe, dole ka bi shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun a gida ka ajiye tashoshi biyar a jere. Na SO-50: 436.805, 436.800, 436.795, 436.790, 436.785, kowace da mitar hawa ɗaya da sautin 67. Ka fara da ta farko, da ka ji murya ta fara shaƙewa kamar mai mura sai ka matsa ta gaba. A tsakiyar giftawa mai tsayi canjin yana zuwa da sauri, har ka tsallake biyu cikin minti ɗaya. Na ISS haka nan, daga 437.810 zuwa 437.790. Ƙa'idar ita ce a gyara babbar mita a bar ƙarama. Idan ka haɗu da tauraron da ake hawa a UHF, kamar AO-91, to lissafin ya juya: mitar hawan ce za ka fara da ita ƙasa kana ƙarawa.

Yanzu eriya, inda ya kamata kuɗinka da lokacinka su tafi. 'Yar robar nan da ta zo da oba-oba za ta iya jiyo maka ISS idan ta hau sosai, domin muryarta da ƙarfi. SO-50 kuwa da ƙyar. Abin da ka gani a hannun Baturen nan Yagi ce, 'yar'uwar eriyar talabijin da muke ɗaurawa a kan gora kafin zuwan dish. Ta kanti da aka fi sani, Arrow, tana da sanduna uku na VHF da bakwai na UHF a gicciye kan sanda ɗaya. Ba sai ka saya ba. Tawa ta farko da bututun ruwa na roba na yi ta, da tef ɗin awo na ƙarfe irin na magina, wanda na yanka da almakashin kwano. A ɓangaren VHF sandar baya ta kai kusan santimita 105, ta gaba kusan 89, ta tsakiya wadda aka raba biyu aka jona wa waya tana kusa da 90. Na UHF ba su wuce santimita 30 da 'yan kai ba. Amfanin tef shi ne in ka bugi ƙofa ya lanƙwashe ya miƙe da kansa. Ka kankare fentin wurin da za ka liƙa dalma, ka nannaɗe bakin kowane yanki da salatif domin yana yanka kamar reza. Ka bi awon wani zane da aka gwada, kada ka yi cankan, domin a UHF santimita ɗaya ma magana ce. Sai kuma tarko guda da masu sana'arku ke faɗawa: kebul ɗin dish om 75 ne, na rediyo om 50. Nemi na 50, kuma ka gajarta shi, mita ɗaya ko ɗaya da rabi ya isa.

Ga yadda giftawa ɗaya take. Minti biyar kafin lokaci kana tsaye, ka riga ka duba kamfas ka sa alama da ido: zai fito ta kan bishiyar darbejiyar can, ya kai ƙololuwa saitin hasumiyar masallaci, ya faɗi ta bayan tankin ruwa. Ka buɗe sikwalc gaba ɗaya, wato ka bar rediyon tana shuuu, domin in ka rufe shi raunanniyar murya ba za ta iya buɗe shi ba. Iyafis a kunne. Waya a aljihun gaba tana ɗaukar sauti, don ba ka da hannu na uku da za ka yi rubutu, kuma lambobin kira suna zuwa kamar ruwan ƙanƙara. Alamar farko ba murya ba ce, shuuu ɗin ne zai fara laushi, kamar an rufe tagar ɗaki ana iska. Wannan shirun shi ne tauraron. Daga nan sai ka riƙa murza wuyan hannunka a hankali, eriyar tana juyawa daga kwance zuwa tsaye. Tauraron yana wulwulawa a sama, siginar ma tana murɗewa a hanya, don haka kwanciyar da ta yi daidai yanzu, bayan sakan ashirin ta ɓace. Wannan murzawar ita ce sirrin da bidiyo ba ya nunawa sosai. Nuni ba sai ya zama daidai-wa-daida ba, Yagi ta hannu tana yafe kuskuren digiri goma sha. Murzawar ce ba ta yafiya.

Idan da hali, ka yi amfani da rediyo biyu, ɗaya ta magana ɗaya ta saurare, ko ɗaya mai iya yin duka a lokaci guda irin Kenwood TH-D72. Jin muryarka tana dawowa shi ne kaɗai shaidar cewa ka shiga, kuma shi ne zai nuna maka ka taka wani. Sai dai akwai matsala: ninka 145.850 sau uku, za ka samu 437.550, maƙwabcin mitar da kake saurare. Da ka danna magana sai rediyon saurare ta kurumce. Maganinsa ɗan matacin sigina a kan layin saurare, ko raba wayoyin biyu, ko rage ƙarfi. Kuma ka nisanci inbata, cajojin waya masu arha da wasu fitilun LED, ƙararsu tana binne rubu'in wat ba tare da ka san daga ina take ba. Sau da yawa na fi ji idan an ɗauke wuta.

Maganar da ake yi a kai gajeriya ce ƙwarai. Tauraron FM tasha ɗaya gare shi, mutum ɗaya a lokaci guda, kuma mai ƙarfi yana danne mai rauni gaba ɗaya. Babu "ina gajiya", babu "ya iyali". Lambar wanda kake kira, lambarka, murabba'inka, shi ya maido da nasa, ka ce QSL, wato na ji, da 73, wato gaisuwar ban kwana, ka ba wasu wuri. Sakan goma sha biyar an gama. Murabba'in nan tsari ne da aka amince da shi a garin Maidenhead na Ingila a 1980, an yanka duniya gida-gida, kowane gida digiri biyu a faɗi, ɗaya a tsaye. Zariya JK31 ce, Sakkwato JK23, Damagaram JK43, Yamai JK13, Abuja JJ39. Kano kuwa layin digiri 12 ya ratsa ta, kudancinta JK41, arewacinta JK42, don haka duba wayarka kafin ka faɗa. Ana furta su da haruffan da matuƙa jirgi ke amfani da su: Juliet Kilo Four Two. Ka haddace su kamar karatun allo. Wanda yake danna magana alhali ba ya jin tauraron, masu abin suna kiransa kadan ruwa, wai baki zaƙaƙam, kunne ɗan mitsitsi. In ba ka ji ba, kada ka yi magana, domin mai yiwuwa kana shiga tsaf kana toshe mutane goma.

To, a nan ne shawarar Turawa take daina yi mana aiki, kuma a nan mutanenmu ke sarewa. Duk littattafansu cewa suke ka zaɓi giftawa mai tsayi, wadda ta bi ta saman kai. Don koyon saurare haka ne. Amma tauraro yana haɗa mutane biyu ne kawai idan yana ganin su duka a lokaci guda. ISS tana ganin da'ira mai faɗin kusan kilomita 4,500, SO-50 sama da 5,000. Idan yana bisa kan Kano, da'irar ta rufe Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da rabin Sahara, yankin da masu lasisi ba su da yawa, masu hawa tauraro kuma sun fi ƙaranci. Sai ka yi komai daidai, ka ji muryarka ta dawo raɗau, ka yi ta kira, shiru. Ba kayanka ne suka lalace ba, kasuwar ce ba kowa. Abin da za ka nema shi ne giftawar da ta bi ta arewa, ta kan Aljeriya ko Libiya, lokacin da gefen da'irar ya taɓa ka, ɗaya gefen ya taɓa Sifaniya, tsibiran Kanari, Italiya ko Girka. Daga nan za ka gan shi ƙasa-ƙasa, digiri 5 zuwa 15 daga bakin sama, kuma ƙofar ba ta fi minti biyu ko uku a buɗe. Saboda haka wurin tsayawa ya zama wanda arewarsa fayau take, saman bene ko bakin gari. Da sun ji 5N kuwa, za ka ga rububi, domin akwai masu tara murabba'ai, kambun VUCC na ƙungiyar ARRL ta Amurka sai an cika ɗari ta tauraro, kuma namu ba sa samuwa da sauƙi. Gwamma ka sanar tun da wuri cewa za ka hau giftawa kaza, su jira ka.

Kafin ka fita kowane lokaci, leƙa shafin AMSAT, ƙungiyar masu taurarin rediyon sha'awa, inda ake rubuta wane tauraro aka ji a yau. Na'urar ISS ana kashe ta idan jirgi zai haɗe da tashar ko 'yan sama-jannati za su fita waje. Batirin AO-91 ya tsufa. IO-86 na Indonesiya, wanda ke bin kusa da layin da ya raba duniya biyu, yana yawan bi ta yankinmu amma bisa jadawali ake kunna shi. Waɗansu kuma sun ƙone a iska tuni, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Wani lokaci ISS takan aiko da hotuna a 145.800, sauti ne mai kama da kukan gyare, ka kara wayarka mai manhajar Robot36 kusa da sifika, hoto ya riƙa saukowa layi-layi. Wannan ko da 'yar robar eriya ana samu, kuma shi nake fara nuna wa yara.

Abin ya daɗe. Na farkonsu, OSCAR 1, an harba shi daga Kalifoniya ranar 12 ga Disambar 1961, shekara huɗu kacal bayan Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, 'yan sha'awa ne suka haɗa shi, ba ya komai sai aika "HI" da harshen Mos, na ɗigo da layi, har batirinsa ya ƙare bayan kamar mako uku. Amma wanda nake ƙauna shi ne AO-7. An harba shi a Nuwambar 1974, batirinsa ya haɗe a 1981, aka shafa fatiha. Shekara 21 bayan nan, a Yunin 2002, wani Baturen Ingila mai suna Pat Gowen ya ji wata sigina da bai gane ba. Ashe haɗewar batirin ce ta saki, faifan solarsa suka koma ba shi wuta kai tsaye. Tun daga lokacin idan yana cikin rana sai ya farka, ya shiga inuwar duniya ya sume. Shi da RS-44 na Rasha, wanda aka harba a Disambar 2019, wani aji ne daban: ba tasha ɗaya suke maimaitawa ba, yanki ne guda na zango, mutane da yawa suna hira a lokaci ɗaya da SSB, wani salon aika murya da ba FM ba, ko da Mos. Sun fi tsayi, har kilomita 1,500, don haka daga nan ana iya kaiwa tsakiyar Turai da gabashin Brazil. Sai dai oba-oba ba ta yin SSB, kuma Dofla a nan ba ta yafe ko haz ɗari biyu. Ka bar su sai ka ƙware.

Na ajiye maka wanda ya fi dacewa da kai a ƙarshe. Ka san digiri 26 gabas, inda kuke kamo Badr na Arabsat. A maƙwabtakarsa, a 25.9, akwai Es'hail-2 na ƙasar Katar, wanda roka Falcon 9 ta kai sama ranar 15 ga Nuwambar 2018. A cikinsa akwai sashe na 'yan rediyon sha'awa da aka yi da haɗin gwiwar ƙungiyarsu ta Katar da AMSAT ta Jamus, aka buɗe shi a Fabrairun 2019, ana kiransa QO-100. Yana tsaye cak a tsayin kilomita 35,786, ba bi, ba murza hannu, ba jiran lokaci, dare da rana. Yana gani daga gabashin Brazil har Tailan, daga arewacin Turai har tashar binciken Jamusawa ta Neumayer a Antaktika. Matsalar nan ta kasuwa ba kowa, a nan babu ita. Daga Kano yana gabas maso kudu, digiri 65 a sama, Bature a ƙasarsa bai samu rabin wannan tsayin ba in yana can arewa.

Saurarensa kuwa kayan shagonka ne. Dish na santimita 80 ko 90, LNB na gama-gari, wato na'urar da ke bakin dish, da 'yar na'urar RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta. Yana saukowa tsakanin megahaz 10489.500 da 10490.000. LNB yana cire 9750, don haka sai ka nema daga 739.500 zuwa 740.000. Ka ba LNB ɗin bolt 13 don ya kama siginar tsaye, tsohuwar dikoda ma za ta iya ba shi wutar, in dai ka tare wutar kada ta shiga RTL-SDR ɗin. Akwai alamu uku, wato siginonin da tauraron ke saukowa da su don a yi saiti, da ke kunne kullum, a farkon zangon, da tsakiyarsa a 739.750, da ƙarshensa. Kada ka yi mamaki in ka same su sun kauce da kilohaz ɗaruruwa, ko suna tafiya a hankali. LNB an yi shi ne don talabijin, wadda ba ta damu da wannan ba, kuma zafin rana yana motsa shi, gajimare ya gifta ka ga layin ya karkata. Nemi LNB mai PLL, wanda ya fi riƙe mita wuri ɗaya, kuma manhajar SDR Console tana iya riƙe alamar tsakiya ta daidaita sauran da ita. Ruwan sama mai ƙarfi zai rage shi kamar yadda yake yi wa kwastomominka a watan Agusta. Kafin ka hau tsani ma, buɗe na'urar sauraren da 'yan Ingila suka kafa a Goonhilly ta intanet, ka ga yadda allon ya kamata ya kasance.

Hawan ne ke cin kuɗi. Ana hawa a megahaz 2400, maƙwabcin waifai, sai da na'ura irin ADALM-Pluto ko mai ɗaga mita daga wata rediyon, da amfilifaya ta 'yan wat kaɗan, da eriyar faci, wato ta shafaffen ƙarfe, ko mai murɗaɗɗiyar waya a gaban dish ɗin. An hana FM a can, faɗin magana kada ya wuce kilohaz 2.7, kuma kada siginarka ta fi alamun ƙarfi. In ka wuce gona da iri, akwai na'ura a tashar ƙasa da ke ɗora maka jiniya a kan muryarka, duk duniya tana ji. Abin da zai ba ka mamaki ranar farko shi ne jinkiri: muryarka tana tafiyar sama da kilomita 70,000 zuwa da dawowa, ta iso kunnenka bayan rubu'in sakan, har ka riƙa sarƙewa kamar mai in'ina. Ni sai da na zare iyafis ɗaya kafin in iya kammala lambar kirana.

In ni ne kai, makon nan zan sa tashoshi biyar ɗin ISS a oba-oba in saurari giftawa goma ba tare da na taɓa maɓallin magana ba, in juya wani tsohon dish zuwa 26 in nemo alamar 739.750, in kuma fara bin takardar lasisi, don ita ce ta fi komai jan lokaci. Idan lambar kiranka ta fito, aiko mini da ita tare da murabba'inka, 41 ne ko 42, mu duba jadawalin SO-50 mu zaɓi giftawar bayan La'asar. Ni zan tashe shi da 74.4, kai ka kira.